Kilif ɗin sifirin a wata tsohuwar Land Rover: wata biyar ana gyara

Motar da aikinta

Motar Land Rover ce ƙirar Series III, gajeriya, wadda tsakanin tayarta ta gaba da ta baya inci 88 ne, wato santimita 223 da rabi. Injinta na fetur ne mai lita biyu da kwata. An ƙera irinta a Ingila daga 1971 zuwa 1985, tamu kuwa takardunta sun nuna 1976. Mai ita kawuna ne, malamin gona da ya yi ritaya, yana zaune a wani gari a kudancin jihar Katsina. Ni ke tuƙa masa ita lokacin kaka, ni ne kuma na riƙa rubuta awon da za a gani a nan a bayan littafin da muke lissafin buhuna.

Aikinta ɗaya ne: zuwa gona da dawowa. Kilomita 14 ne, biyar a kwalta, tara a hanyar burji mai gargada, da wani rafi da ake tsallakawa ta kan dutse. Da kaka tana dawowa da buhun masara biyar, wani lokaci shida.

Ƙafafunta huɗu duka a kan sifirin mai falle-falle suke. Sai a 1983, da aka fito da sabuwar ƙira mai suna One Ten, wannan layi na Land Rover ya fara komawa sifirin mai murɗi. Na baya a motarmu falle 11 ne kowane gefe, faɗin kowane falle inci biyu da rabi. Babban fallen, mai ido a bakinsa biyu, shi ne a sama, sauran suna bi ƙasa kowanne ya fi na samansa gajarta. Abu uku ke riƙe da su. Akwai santa-bol, dogon noti da ya ratsa tsakiyarsu duka, kansa yana zaune cikin wani rami a ƙasan aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama. Akwai yu-bol guda biyu da suka haye aksul suka sauko suka damƙe tsakiyar sifirin da wani faranti na ƙarfe. Sai kilif, wato ɗan maɗaurin ƙarfe da aka manne da ribit a bakin wani gajeren falle, ya miƙe sama ya rungumi fallayen da ke bisansa. A motarmu kilif huɗu ne a kowane sifirin na baya, biyu gaban aksul, biyu bayansa.

Abu ɗaya ya kamata a sani tun farko: shekara guda kafin wannan matsala an sauke sifirin na baya don a canza bushin, wato robar da ke cikin idon sifirin, aka mayar da shi da tsofaffin yu-bol ɗinsa, ba a kuma sake taɓa su ba.

Makon farko na Oktoba: alamar farko

Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, gargada ta fito. Muka fara jin ƙwanƙwasa daga baya ta hagu. A kwalta shiru, da lodi ma kusan shiru. Sai motar tana fanko, ta faɗa rami ta taso, sannan a ji "ƙwas", kamar an buga cokali a tukunyar ƙarfe.

Na shiga ƙarƙashi na duba. Kilif na can ƙarshen baya babu shi sam, sai ramin ribit ɗinsa da jan tsatsa a kewaye. Na kusa da shi yana nan, amma ya buɗe baki, hannu ma yana girgiza shi. Fallaye uku na tsakiya sun zame gefe, bakinsu ya fito kamar an ɗan buɗe mafici. Na auna da tef: wanda ya fi fitowa ya kauce milimita 12 daga layin 'yan uwansa. A gefen dama kilif huɗun suna nan, fallayen kuma a jere.

Akwai wani abu da na gani ban ba shi muhimmanci ba. A jikin farantin yu-bol na hagu akwai jan gari mai laushi kamar hoda, irin wanda ƙarfe ke fitarwa idan yana gugar ɗan uwansa. Na share shi da yatsa na wuce.

Tsakiyar Oktoba: roba da waya

Kawu ba ya son motar ta kwana a gareji lokacin da masara ke jiran ɗauka. Muka ɗaga ta da jak, muka mayar da fallayen layi da guduma da guntun katako, muka yanko tsohon tiyub muka naɗe wurin da kilif ya ɓace, muka bi da wayar ɗaurin rodi zagaye shida. Kilif ɗin da ya buɗe muka matse shi da guduma.

Ƙarar ta tsaya kwana tara. A na goma wayar ta tsinke, robar ta zame gaba. Da muka kwance ta, ƙarƙashinta akwai jiƙaƙƙen laka daga tsallaken rafi, ƙarfen wurin ya yi ja fiye da ko'ina. Fallayen sun koma inda suke, kaucewar yanzu milimita 15.

Farkon Nuwamba: walda

Aka kai ta wurin wani mai walda a garin, mutum mai tsaftar aiki a ƙofa da taga. Ya yanko ƙarfe mai faɗi ya yi akwati zagaye da fallayen a wurare biyu, ya matse su da bais har ba sarari ko na takarda, ya haɗa bakin da wuta a nan kan motar. Don kada akwatin ya zame kamar yadda robar ta yi, sai ya ɗiga walda sau biyu a gefen falle na huɗu ya manne shi da shi.

Ya ce wa Kawu, "Alhaji, wannan ko jikanka ba zai kwance shi ba."

Ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Sai dai tun a hanyar komawa gida na ji motar ta canza. Bayanta ya yi tauri, ta hagu musamman. A gargada tayar baya ba ta bin ƙasa, tsalle take yi, har gindin motar yana ɗan gocewa idan na wuce kilomita 40 a awa. Kawu, da yake zaune a gefe, ya fara dafa ƙugunsa in mun iso rafi.

A nan na fara awon da ya zama ma'auninmu har ƙarshe. A fili mai daidai, ina auna tazarar da ke tsakanin saman aksul da robar da ke tare shi a jikin shasi, motar tana fanko, sannan a ɗora buhu uku a tsakiyar bodi in sake aunawa, a sauke in sake. A dama tazarar ta ragu da milimita 34, da aka sauke ta dawo saura 6. A hagu ta ragu da 13 kacal, ba a hankali ba, da ƙara guda, kuma da aka sauke ta tsaya saura 9 har sai da muka girgiza motar.

Mako shida ta yi a haka tana ɗaukar masara. Ranar 17 ga Disamba, da buhu biyar a kai, muka tsallake rafi muka ji ƙara kamar an karya rake. Falle na huɗu ya karye dab da ɗigon waldar, bai kai faɗin yatsa ba tsakaninsu. Fuskar karayar launi biyu ce: wani ɗan yanki kusa da waldar baƙi, mai santsi, sauran kuma fari mai ƙyalli da tsakuwa-tsakuwa.

Janairu: fallen aro, sababbin kilif, sabon shakazoba

Wani bakanike ya karɓi aikin. Ya yanke akwatunan walda da garanda, ya zare karyayyen fallen. Ba a samu na Land Rover a kusa ba, sai aka samo na wata akori-kura, faɗinsa ya yi daidai amma ya fi namu kauri da kusan milimita biyu, lanƙwasarsa ma ba iri ɗaya ba. Aka yanke shi daidai tsawo, aka saka. Don a saka shi dole aka kwance santa-bol da yu-bol, aka kuma mayar da waɗannan tsofaffin dai. Na lura noti ɗaya na yu-bol yana shiga da sauƙi har ƙarshe ba ya kamawa sosai. Aka ƙara masa washa biyu.

Kilif ɗin da ya yi sun fi na mai walda kama da na asali: ƙarfe mai siffar kofato, da noti da ya ratsa kunnuwansa biyu ta saman babban falle. Amma ba a sa komai tsakanin kunnuwan ba. Da ya ɗaure notin, kunnuwan suka lanƙwaso ciki suka ciji gefen fallayen, notin kuma ya kwanta a kan babban falle. Ya ƙara ɗaurewa har sifana ta ƙi juyawa.

Sakamakon awo ranar 9 ga Janairu: dama 34, hagu 17. Motar fanko ta karkata, hagu ya fi dama tsawo da milimita 14. Wata sabuwar ƙara ta fito, ƙiiƙii mai kaifi a kowane ɗan motsi, ko mutum ya hau bodi.

Bakaniken ya ce taurin daga shakazoba ne, wato bututun da ke rage wa mota tsalle-tsalle. Aka sayi sababbi biyu aka ɗaura. Awon bai motsa ko da milimita ɗaya ba. Aka zuba baƙin mai tsakanin fallayen, ƙarar ta yi sauƙi kwana uku, ƙurar hunturu ta manne a man ta zama baƙin kwaɓi, ƙarar ta dawo.

Tsakiyar Fabrairu: motar ta fara tafiya a karkace

Ranar wata kasuwa wani mai babur da ya biyo mu a baya ya tsayar da mu ya ce motar tana tafiya kamar ƙaguwa. Ni ma na kwana biyu ina jin sai na ɗan riƙe sitiyari gefe kafin ta miƙe. Muka daidaita tayoyin gaba, muka auna daga tsakiyar wili na gaba zuwa tsakiyar na baya. Dama santimita 223 da rabi, kamar yadda ya kamata. Hagu 225 da 'yan kai. Aksul ɗin ya zame baya a kan sifirin.

Kan santa-bol ne ya guntule. Abin da ya rage yana riƙe da aksul a wannan gefen shi ne yu-bol ɗin nan masu washa. A ranar Kawu ya karɓi makulli ya ce ba za ta ƙara fita ba.

Makon farko na Maris: wurin mai sifirin a Kaduna

Wani tsohon direban tirela, abokin Kawu, ya kwatanta mana wani dattijo a Kaduna, can wajen Panteka, wanda sifirin kaɗai yake yi, na manyan motoci da na akori-kura. Muka sauke sifirin biyun na baya, muka rubuta "hagu" da "dama" da fenti, muka tafi da su a motar haya tare da yu-bol ɗin da farantansu. Rubutun nan yana da amfani, domin a irin wannan Land Rover lanƙwasar sifirin na gefe ɗaya ba daidai take da ta ɗayan ba tun daga masana'anta, kowanne sai a mayar da shi gefensa.

Dattijon bai fara da kilif ba. Yu-bol ya ɗauka, ya haɗa biyu na hagu da biyu na dama a ƙasa, ya nuna mana yadda na hagu suka ɗan fi tsawo, zarensu ya miƙe ya sirance. Ya juya farantin ya ga wurin da ya goge har yana sheƙi.

"Yaro, ka taɓa ganin jan gari a nan?"

Na ce na gani tun Oktoba.

"To, tun ran nan ya gaya maka."

Ya tambaya kuma ko bel ɗin zaren nan mai kauri da ke rataye aksul na baya a jikin shasi yana nan. Kawu ya ce na dama yana nan, na hagu ya ruɓe ya faɗi shekaru biyu da suka wuce, ba a mayar ba don an ɗauka ba ya aikin komai.

Kwana uku aikin ya ci, ina zaune ina kallo.

Rana ta farko aka damƙe kowane sifirin a bais kafin a kwance santa-bol, aka sassauta a hankali don kada fallayen su yi tsalle su ji wa wani. Aka jera su a ƙasa bisa tsari. Tsatsar da ta fito daga tsakaninsu ta kusa cika gwangwanin madara. Yaransa suka goge kowane falle da burushin ƙarfe. A ƙarƙashin fallaye da yawa akwai ɗan tudu da bakin na ƙasa ya sassaƙa cikin shekaru, inda in ka bi da farce sai ya tsaya. Dattijon ya sa aka share waɗannan da garanda, a tsaye bisa tsawon fallen, ba a gicciye ba, kuma a ɗan taɓa a ɗaga don kada ƙarfen ya yi zafi ya canza launi. Bakin kowane falle aka ɗan kashe masa kaifi. A gefen fallaye biyar na hagu ga sawun cizon kilif ɗin Janairu nan, rami-rami masu haske. A saman babban falle kuma notin da ya kwanta ya fara tona masa layi a gicciye. Dattijon ya daɗe yana duban wannan layin da tabarau, ya buga fallen da ƙaramar guduma ya saurara, sannan ya ce bai yi zurfi ba, za a share shi ya zauna.

Fallen aro ya ajiye shi gefe. Falle na uku da na biyar, waɗanda zafin walda ya taɓa gefensu har suka yi shuɗi, su ma ya cire su. Daga wani tsohon sifirin na Land Rover da yake da shi ya zaro uku masu kauri da lanƙwasa daidai da namu.

Rana ta biyu ta kilif ce, kuma a nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya yanko ƙarfe mai laushi, faɗin milimita 25, kauri 5. Bai lanƙwasa shi a jikin sifirin ba. Yana da wani guntun ƙarfe mai faɗin milimita 65 da ya ajiye don wannan aiki, a kansa yake lanƙwasawa, ta yadda cikin kilif ɗin zai fi faɗin falle da milimita ɗaya da rabi. Ya manne kowanne a ramin ribit na asali, bai huda sabo ba. Ribit ɗin kaɗai yake gasawa a wuta, ya saka, ya buge. Kan da ke fuskar sama ya nutsar da shi cikin ramin ya bi da magagari har ya yi daidai da fallen, ya sa na shafa da tafin hannu in ji ko akwai abin da ya taso, domin duk abin da ya taso zai ci fallen da ke kwance a kansa.

Sai ɗan bututun. Ga kowane kilif ya yanka guntun bututun ƙarfe mai tsawon milimita 65, ya sa shi tsakanin kunnuwan, notin mai kaurin milimita 8 ya bi ta cikinsa. Yanzu ko an ɗaure notin iya ƙarfi, kunnuwan a kan bututun za su tsaya, ba za su kai ga gefen fallaye ba. Ramin notin kuma bai huda shi ba sai da aka haɗa sifirin aka danne shi da jak a ƙarƙashin wani ƙarfe har ya miƙe kwatankwacin yadda zai zauna da nauyin mota. Sannan ya ɗauko guntayen ruwan zarton yankan ƙarfe guda biyu, ya haɗa su, ya kwantar a kan babban falle, ya ɗora bututun a bisansu, ya yi alama. Kaurin ruwan zarto biyu, wato milimita ɗaya da 'yan kai, shi ne sararin da ya bari. Da aka gama, in ka sa yatsa bututun yana juyawa kafin a ɗaure, in an ɗaure kuma ruwan zarton yana shiga ƙarƙashinsa ya fita ba tare da an tura da ƙarfi ba.

Kowane noti ya shigar da shi daga ciki, kansa yana kallon tsakiyar mota, bakinsa yana kallon taya. Ya ce a manyan motoci haka ake yi, don in abin ɗaurin ya kwance ya faɗi, notin ya zame ciki, kada ya fito ya yanki taya. A ƙaramar mota ma bai ga dalilin sauya hannu ba. Bayan ɗaurewa ya ɗan buge bakin zaren da kurfi.

Kilif na gefen dama na asali ne, irin waɗanda ake lanƙwaso kunnuwansu a kan babban falle ba noti. Uku lafiyarsu ƙalau, bai taɓa su ba. Ɗaya ribit ɗinsa ya yi sako-sako, ya canza ribit ɗin kawai, ya duba sararin sama da ruwan zartonsa.

Maganar mai kuwa, ya hana giris da baƙin mai. Ya ce a hanyar ƙura su ne ke kama yashi su zama abin wasa wuƙa. Garin girafayit, baƙin nan mai santsi irin na bakin fensir, ya kwaɓa da ɗan mai kaɗan ya shafa siriri a inda fallaye ke haɗuwa, ya goge abin da ya fito waje.

Rana ta uku aka haɗa da sababbin santa-bol, muka sayi sababbin yu-bol huɗu da bel ɗin aksul biyu. Ya ce wa Kawu, "Alhaji, abin da ya rage a hannunku yake. In kun ɗaure ba daidai ba, aikina ya tashi a banza." Ya sa na rubuta yadda za a yi.

Tsakiyar Maris: ɗaurawa

Ranar 14 ga Maris muka mayar da su. Muka tabbatar kan santa-bol ya faɗa raminsa a ƙasan aksul kafin a taɓa yu-bol. Notin yu-bol huɗu na kowane gefe muka ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, da sifana mai awo da muka aro, zuwa adadin da littafin motar ya faɗa. Notin idon sifirin da na ƙarfen lilo, wanda ke rataye bakin sifirin a jikin shasi, muka bar su a sake, muka sauke motar daga jak, muka ɗora buhu biyu, muka girgiza ta, sannan muka ɗaure su tana tsaye da nauyinta. In an ɗaure su tana rataye, robar bushin za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri.

Awon ranar: tsakanin wili da wili 223 da rabi kowane gefe. Da buhu uku, dama ta sauka milimita 41, hagu 40, a hankali ba ƙara. Da aka sauke, duka biyun suka dawo saura 3. Bambancin tsawo tsakanin hagu da dama milimita 4.

Bayan kilomita 80 muka sake sa sifana a yu-bol. Kowane noti ya ƙara juyawa, wasu kusan rabin zagaye. Bayan kilomita 500 suka ƙara ɗan kaɗan. A karo na uku ba wanda ya motsa.

Afrilu zuwa Oktoba

Motar ta yi daminar nan tana kai taki da ma'aikata. Duk ƙarshen wata ina shiga ƙarƙashi da tef da ruwan zarto. Fallayen ba su kauce fiye da sararin da ke cikin kilif ba. A watan Agusta laka ta cika ƙarƙashin bututu biyu ta bushe, ƙiiƙii ya ɗan dawo. Muka wanke da ruwa muka zare lakar, ya tafi. Jan gari bai sake fitowa a farantin ba. A Oktoba awon buhu uku ya ba da 39 da 39. Kawu ya rage lodi zuwa buhu huɗu, yana sawu biyu in ta kama.

Abin da na fahimta

Wata biyar muka yi mun bar jaki muna dukan taiki. Kilif ɗin da ya ɓace a Oktoba ba shi ne ciwon ba. Tsofaffin yu-bol da aka mayar sun riga sun miƙe, tsatsar da ke tsakanin fallaye kuma tana marmashewa tana zubewa, sai damƙar tsakiya ta saki. Da ta saki, fallayen suka sami damar juyawa a kan santa-bol kamar almakashi, duk ƙarfin juyawar ya koma kan ribit ɗin kilif, abin da bai fi kaurin fensir ba. Rashin bel ɗin aksul ya ƙara masa: duk sanda motar ta taso daga rami, aksul na hagu yana zarcewa ƙasa fiye da ƙima, fallayen su nemi rabuwa, kilif ya sha fizga. Wannan sakin dai shi ya guntule kan santa-bol a Fabrairu. Da na sa sifana a noti huɗun nan ranar da na share jan garin da yatsa, da mai yiwuwa abin ya tsaya a kilif ɗaya da yu-bol biyu.

Gyara na biyu da na uku kuskurensu ɗaya ne, kuma ni ma a lokacin na yarda da shi: ganin cewa kilif abin damƙewa ne, in ya fi matsewa ya fi kyau. Sifirin mai falle ba ya aiki sai fallayensa suna zamewa a kan juna, domin duk sanda ya miƙe ko ya lanƙwashe bakin kowane falle yana ɗan tafiya gaba da baya. Aikin kilif biyu ne kawai: ya hana su kaucewa gefe, kuma in aksul ya zarce ƙasa ya tara su su ɗauki fizgar tare, kada babban falle ya ɗauka shi kaɗai. A zaune lafiya bai kamata ya matse komai ba. Da aka matse, fallaye goma sha ɗaya suka koma kamar sanda guda, abin da awon 13 da 17 ya nuna ke nan, kuma lanƙwasar da ya kamata ta bazu a tsawon sifirin ta taru a bakin maɗaurin. Shi ya sa sabon shakazoba bai canza komai ba.

Waldar ta fi duka muni. Ƙarfen sifirin an gasa shi an kashe shi da awo a masana'anta. Ɗigon wuta yana mayar da wurin da ya taɓa mai tauri da saurin tsagewa. Baƙin yankin nan a fuskar karayar tsaga ce da ta fara daga waldar tana ci kaɗan-kaɗan mako shida, farin kuma shi ne abin da ya rage ya ɓalle lokaci ɗaya a rafi. Ban ga laifin mai waldar kamar yadda na ga namu ba. Aikin da ya sani ya yi, mu muka kai masa abin da ba nasa ba.

Robar tiyub ba ta karya komai ba, kuma in mutum yana daji zan ce ya ɗaura ta ya iso gida. Illarta ita ce ta rufe ƙarar kwana tara, ta kuma riƙe ruwa a jikin ƙarfe.

Akwai abu ɗaya da ban gamsu da shi ba har yanzu. Layin nan da noti ya tona a saman babban falle na hagu an share shi, amma a daidai inda ƙarfe ke shan ja yake. Dattijon ya ce zai riƙe, ya kuwa riƙe damina guda. Duk da haka na sa Kawu ya sayi wani babban fallen ya ajiye a ɗakin taki, kuma duk ƙarshen wata wurin nake fara gogewa da tsumma in haska da tocila kafin in duba sauran.